Mu Uku a Ɗakin Kallo

Abin da zan ba ku labari ya faru ne a birnin Edinbara na ƙasar Sikotland, cikin watan Agusta na 2019, sa'ad da neman ilmi ya kai ni can. Ban je domin kallon wasa ba, amma duk wanda Agusta ya riske shi a garin nan, ko bai je wurin wasa ba, wasa zai zo ya same shi.

Bikin da ake yi a lokacin Turawa na ce masa Firinji, wato geza, irin ta bakin mayafi. Asalinsa kuwa shi ne, a 1947, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, aka shirya wani ƙasaitaccen bikin kiɗa da wasan kwaikwayo a birnin, aka gayyato gwanaye daga ƙasashe. Sai ga waɗansu ƙungiyoyi takwas da ba wanda ya aika musu goron gayyata, suka zo suka nemi 'yan ɗakuna a gefe, suka yi nasu wasannin. Yau geza ta fi mayafin girma. A shekarar da na je, wasanni fiye da 3,800 aka nuna a wurare fiye da 300, cikin mako uku da 'yan kwanaki. Kuma har yanzu babu wani kwamiti da ke zama ya tace, ya ce wannan ya isa, wancan bai isa ba. In kana da wasa, ka sami ɗaki, ka biya kuɗin rajista, shi ke nan ka shiga.

A babban titin tsohon gari, wanda ya gangaro daga fadar da ke kan dutse, nan 'yan wasa ke tsayawa suna talla da kansu. Wani ya shafa farar ƙasa a fuska, wani ya hau kan akwati yana shela, kowa na cusa maka 'yar takardarsa a hannu. Ran nan ana yayyafi, wata mata mai kimanin shekara arba'in ta miƙo mini tata, ta ce wasanta ƙarfe biyu ne, ba a sayen tikiti, in ya gamshe ni in ba da abin da ya sawwaƙa. Gaskiya ba sha'awa ce ta kai ni ba, neman mafaka ne daga ruwa.

Ɗakin a ƙarƙashin ƙasa yake, ƙasan wani gidan abinci, sai warin danshi da ƙarar kwanuka daga sama. Kujeru sun kai talatin. Da ƙarfe biyu ta buga na waiga, sai na ga mu uku ne: ni, da wani tsoho mai sanda, da wata yarinya a can baya, wadda daga bisani na gane ƙanwar mai wasan ce, ita ke kunna fitilu. Kunya ta kama ni kamar ni ne na yi laifin. Na tabbata za ta fito ta ba mu haƙuri mu watse.

Ai kuwa sai fitila ta dushe, ta fito riƙe da tsohon kwat da butar shayi, ta fara. Labarin wani masunci ne da tsufa ya fara cinye masa tunani, da 'yarsa mai jinyarsa. Ita ce uban, ita ce 'yar. In ta zura kwat ta ranƙwafa, ka rantse tsoho ne. In ta cire ta rataya a kujera, sai kujerar ta zama uban, tana lallashinsa ya sha shayi yana tambayarta wace ce ita. Rabin maganar da karin harshen mutanen arewacin ƙasar take yi, ban kama duka ba, amma ban rasa kome ba. Awa guda cur, ba ta rage ko layi ɗaya ba, ba ta yi sauri don ta sallame mu ba. Tsohon da ke gefena yana ta share ido da bayan hannu.

Da aka gama ta riga mu zuwa ƙofa, ta tsaya da bokiti, abin ya tuna mini da yara 'yan tashe a bakin zaure. Na jefa fam goma, muka ɗan taɓa hira kafin masu wasa na gaba su karɓi ɗakin. Ta ce aikin ofis take yi, hutunta na shekara ne ta haɗa ta zo, kuɗin kwana da na buga takardu duk daga aljihunta, kuma ta san ba za ta mayar ba. Na tambaye ta me ya hana ta fasa da ta ga mu uku. Ta dube ni kamar na yi tambayar banza, ta ce ai mun zo.

Na san mai karatu zai ce ai masu irin wannan suna yi ne da fatan a gano su. Haka ne, akwai wannan. A bikin nan ne a 1966 ɗaliban Jami'ar Okusfod suka fara nuna wasan da ya fito da sunan Tom Stoppard, a nan ne kuma a 2013 Phoebe Waller-Bridge ta yi Fleabag ita kaɗai a kan dandamali kafin ya koma talabijin. Amma a bayan kowane ɗaya irin waɗannan akwai ɗaruruwa da ke komawa gida da bashi, kuma tsadar masauki a Agusta ta sa abin na neman ya gagari talaka. Ba zan ce da ku aljanna ce ba.

Abin da ya hana ni barci daren nan dabam ne. Ina ɗalibi na taɓa shugabantar sashen wasan kwaikwayo na ƙungiya irin tamu. Mako shida muka yi muna gwaji. Ran wasa babban baƙo bai zo ba, ga jarrabawa ta ƙarato, mutum goma sha wani abu ne kawai a zauren. Na hau dandamali na ce an ɗage sai wani lokaci, don kada a ce wasanmu bai yi jama'a ba. Ban shawarci kowa ba. Akwai wani yaro ɗan aji ɗaya da zai fito a matsayin tsoho, ya riga ya manna gemun auduga, ya aro babbar rigar kakansa daga ƙauye. Har yau ina ganinsa a bayan labule yana ɓamɓare gemun bai ce uffan ba. Wancan lokacin da na ce bai taɓa zuwa ba, shi kuma bai sake taka wurin gwaji ba.

Da na dawo gida na yi cigiya har na sami lambarsa. Ashe malamin makarantar sakandare ne yanzu, da 'ya'ya biyar. Na tuna masa da zancen, na nemi gafara. Ya yi dariya ya ce ya yafe tun tuni, sa'an nan ya yi shiru kaɗan, ya ce cikin mutanen nan goma sha wani abu akwai mahaifinsa, wanda ya biyo motar kasuwa tun da asuba don ya gan shi.