Maje: Tuddan da Ke Jiran Damina

Matafiyin da ya taso daga Abuja ya nufi Kaduna, in ya wuce Dutsen Zuma a Madalla, watau dutsen nan da ke jikin takardar naira 100, ba zai daɗe ba sai ga shi a Maje, kusa da Suleja, inda motocin dakon mai kan yi layi a bakin daffo. Ƙasa ce ta duwatsu da kwazazzabai. Da rani babu abin tsoro sai jar ƙura. Damina ce ke tona asirinta.

A ƙasashen sanyi na bakin teku, kamar Norwe da Alaska ta Amurka, iskar teku kan jibge dusar ƙanƙara mai nauyi bisa duwatsu, shimfiɗa kan shimfiɗa. In ta ƙasa ba ta kama ba, ruwan sama kuma ya sauka a kai, sai ta sama ta sulluɓe gaba ɗaya ta binne abin da ta tarar. Mutanen can sun san gangaren da ya kai digiri 30 zuwa 45 shi ne mugu, har akwai ma'aikatan da ke haƙa rami su duba shimfiɗun kafin su yi wa jama'a gargaɗi.

To, a Maje babu ƙanƙara, amma lissafin ɗaya ne. Jar ƙasa ce kwance bisa fā mai santsi. Ruwa in ya ratsa ta ya iske dutse, ba shi da wurin zuwa, sai ya taru a tsakani ya zame mata sabulu. Ga shi kuwa tun da aka mai da gwamnati Abuja a 1991, jama'a ke ta kwarara Suleja. Aka sare itatuwa, aka yanke gindin tuddai don aza harsashi, masu ɗiban yashi suka ƙarasa sauran.

Ba a rasa ishara ba. A Afrilun 2024 ruwan dare ɗaya ya rusa katangar gidan yarin Suleja, fursunoni fiye da 100 suka tsere. A Yunin shekarar kuma ramin haƙar ma'adinai ya rufta da ma'aikata a Galadima Kogo, cikin Shiroro, bayan ruwa mai yawa.

Sau da yawa tudu kan yi sallama kafin ya zube: bango ya tsage, itace ya karkata, ruwa ya ɓuɓɓugo inda da babu shi. An fi ganin haka cikin Agusta da Satumba, lokacin da ƙasa ta riga ta ƙoshi.