Ruwan Sama Ke Cin Tsohon Jirgi

Likita mutumin Yawuri ne, a bakin Kwara ya tashi, kuma shekarun da ya kwashe yana duba marasa lafiya a Baltimore ba su raba shi da son ruwa ba. Da ritaya ta ƙarato sai ya ƙudurta sayen jirgi, irin wanda mutum zai kwana a ciki, ya yi girki, ya yi salla, gari ya waye ya ƙara gaba. Ni kuwa bakaniken dizal ne, a Kano na koyi aiki a kan manyan motoci kafin rabon abinci ya kawo ni Maryland. A kakar 2016 ya kira ni ya ce, "Ƙanena, shirya ka raka ni. Ƙirjin mutum na iya saurare, na inji sai kai."

Tirola yake nema, wato jirgin shaƙatawa da aka ɗauko fasalinsa daga na masunta: faffaɗan ciki, dogon goshi, injin dizal guda ɗaya, ga ɗaki da falo da kicin. Kamfanin American Marine ne ya yaɗa wannan salo a tsakiyar shekarun 1960, lokacin da ya fara ƙera Grand Banks mai ƙafa 36 da katako a Hong Kong, kafin ya koma faiba a 1973. A shekarar ne kuma farashin mai ya yi tashin gwauron zabi, mutane suka fara neman jirgin da ba ya shan mai, sai maƙeran Taiwan suka ɗauki fasalin suka yi ta turo irinsa Amurka da sunaye iri-iri, a farashi mai sauƙi. Har yau ana samun su a matsayar jirage a gaɓar mashigin Chesapeake. Sirrin rashin shan man shi ne rashin gudu. Jirgin ture ruwa yake yi, ba ya hawa kansa, kuma tsawonsa ne ke yanke masa iyaka: mai ƙafa 36 da ƙyar yake wuce kilomita 15 a awa. In ka bar shi a 13, bai fi ya sha lita bakwai ko takwas a awa ba. Ka matsa masa, man ya ninka, gudun bai ƙaru da abin kirki ba.

Mun fara da baje kolin jirage na Annapolis a watan Oktoba. Muka tuɓe takalma muka shiga sababbi, Nordhavn da Kadey-Krogen da sauransu, Hajiya, matar Likita, ta tambayi kuɗin ɗaya, aka faɗa mata, ta ce wa Likita, "Baban yara, wannan ai ya fi gidanmu tsada." Daga ranar aka koma neman na hannu.

Mun zaga Rock Hall da Solomons, har Deltaville a Virginia. Yawancinsu ba sai an daɗe ba, hanci ke yanke hukunci tun daga ƙofa. Warin fumfuna, warin dizal da ya kwana a ƙasan ciki, warin bayan gida da ya kama bututu, da mun ji sai mu yi godiya mu fita. Wanda ya tsayar da mu yana wata 'yar matsaya a gabashin mashigin, ƙirar Taiwan ta 1979, ƙafa 36. Mai shi dattijo ne da gwiwa ta hana shi hawa tsani. Cikin jirgin katakon tik ne ko'ina, an sassaƙa, an sha fenti mai sheƙi, ga ɗakin baya da banɗakinsa. Hajiya ta zauna a bakin gado ta ce nan ya yi. Likita kuwa bakinsa ya ƙi rufuwa. Na matsa kusa na ce masa da Hausa, "Yaya, rage fara'a, dillali na kallonka." Dillalin mutumin kirki ne, amma la'adarsa kashi 10 cikin 100 daga hannun mai sayarwa take fitowa, kuma sai an yi ciniki.

Abin da ke tsorata Likita inji ne, don ya kusa shekara arba'in. Da na ɗaga murfin daɓen falo na sauka, sai hankalina ya kwanta. Ford Lehman ne mai ƙarfin doki 120: injin da Ford ya riƙa yi a Dagenham ta Ingila don manyan motoci da injinan aiki, silinda shida, lita 6.2, babu turbo, babu kwamfuta, kamfanin Lehman na New Jersey ya sa masa kayan sanyaya da ruwan teku. Kafin kowa ya taɓa makulli na ɗora tafin hannu a jikinsa na ji shi da sanyi, don injin da aka ɗumama kafin mai saye ya iso ba ya faɗin gaskiya. Bugu ɗaya ya tashi, ya yi ɗan hayaƙi, ya share. Dattijon ya miƙo mini wani littafi da mai ya ɓata bangonsa, duk juyen baƙin mai da kwanan wata da awoyin inji. Abin da na nema a ciki shi ne famfon injekta, ƙirar Simms, wanda ke da nasa man daban da ake canzawa duk awa 50, kuma shi ne abin da masu irin wannan inji suka fi mantawa. Yana nan layi-layi da rubutun fensir. Kayan gyaransa ma ba su yanke ba, ana samu a American Diesel da ke Kilmarnock. Na fito na ce wa Likita injin zai iya binne mu duka.

A Amurka ba a cewa albarka a tashi. Tayi a rubuce ake yi, a ajiye kafin alƙalami kashi 10 cikin 100 a hannun dillali, da sharaɗin sai an bincika jirgin an kuma gwada shi a ruwa. In bai yi ba a maido maka da kuɗinka. Dala 62,000 aka sa masa, Likita ya taya 57,000, aka karɓa. Kuɗin mai bincike da na ɗaga jirgi daga ruwa duk a wuyan mai saye suke, ko an saya ko an fasa.

Mai binciken da muka ɗauko wani siririn mutum ne mara yawan magana, mai rajista da ƙungiyar SAMS ta masu binciken jirage, kuma mu muka nemo shi da kanmu, ba mu karɓi wanda dillali ya ambata ba. Kayan aikinsa tocila, madubi mai sanda, na'urar auna laima, da wata 'yar guduma ta roba. Aka rataya jirgin a majanyu biyu aka ɗaga shi sama, ruwa na zuba. Ya bi gindin kaf, ya sami 'yan ƙuraje a faibar, ya ce ba su kai a damu ba. Ya girgiza farfela, ya duba sandarta, ya wuce. Likita ya fara murmushi, don a tunaninsa ɓangaren da ke cikin ruwa shi ne abin tsoro.

Da mutumin ya hau sama ya durƙusa a daɓen waje, nan magana ta canza. Ya riƙa ƙwanƙwasa shi taki-taki, yadda mata ke yi wa tukunyar ƙasa a kasuwa su ji ko ta tsage. A goshi sautin na fita tsaf, ƙal-ƙal. Da ya iso gefen hagu, daidai bakin da ake ɗura mai, sai sautin ya mutu, ya koma dum-dum. Ya ɗora na'urar laima, allurar ta tafi ƙarshe. Ya zana wurin da alli, ya ci gaba, kafin ya gama zanen ya kai tsawon mutum a kwance. Ya kira Likita ya ce ya taka. Likita ya taka, daɓen ya ɗan lotsa, wani baƙin ruwa ya tsattsafo ta tsakanin katako biyu.

Yadda abin yake, daɓen hawa uku ne: faiba sama, faiba ƙasa, falankin katako a tsakiya. A kan wannan aka shimfiɗa tik don ado, aka ɗaure shi da ɗaruruwan sukurori, kowanne ya huda faibar sama ya shiga katakon tsakiya. Shekara da shekaru ana goge tik ɗin yana sirancewa, toshiyar kan sukurorin na faɗuwa, baƙin danƙon da ke tsakanin layuka na buɗewa. Ruwan sama ya bi ramin ya shiga, sanyin hunturu ya daskarar da shi ya faɗaɗa ramin, bazara ta zo katakon ya ruɓe. Gishirin teku bai taɓa wurin ba. Kuma ruwan ba a nan yake tsayawa ba. Mai binciken ya sauka ɗakin inji, ya kwance wani allo a gefe, ya zura madubinsa da tocila, sannan ya matsa ya ba ni wuri. Saman tankin hagu, na baƙin ƙarfe, tsatsa ta yi ɓawo a kai tana tashi falle-falle, daidai ƙarƙashin bakin ɗurar man. Bai fara yoyo ba tukuna. Amma tankunan nan tun kafin a rufa jirgin aka saka su, babu ƙofar da za su fita, sai an ɗaga inji ko a yanka su gunduwa-gunduwa.

Gwajin ruwa da rana ya tafi lafiya. Na sa aka buɗe wuta duka, injin ya kusa kai juyi 2,500 da aka ƙayyade masa, zafinsa bai haura ba, giya na shiga ba gardama. Wani jirgin gudu ya wuce mu, igiyarsa ta bugi gefenmu, jirgin ya yi ta tangaɗi har kofuna suka zube, Hajiya ta riƙe ƙarfe tana salati. Halin tirola ke nan, kuma gara ta gani tun ba a biya ba. Na ɗebi baƙin mai a 'yar kwalba aka aika ɗakin gwaji, sakamako ya dawo babu ruwa, babu garin ƙarfe fiye da ƙima.

Daren da rahoton ya iso, a falon Likita muka zauna. Hajiya ta ce a fasa, sayen nagari mayar da kuɗi gida. Ni na ce duk jirgin wannan zamani da wannan kuɗi za a samu da irin wannan ciwo, ko an gyara ko ana ɓoyewa, wannan kuwa mun san iyakar nasa, ga inji lafiyayye, ga mai shi da bai ɓoye littafi ba. Ra'ayina har yau shi ne tsohon tirola da aka riga aka cire masa tik na waje aka sauya tankuna ya fi mai sheƙi daraja, ko da fentinsa ya koɗe. Tun da ba mu sami irinsa ba, sai a sa mai sayarwa ya ɗauki rabonsa na gyaran. Likita ya aika da rahoton da kiyasin maƙera biyu. Dattijon ya yi shiru kwana biyu, sannan ya sallama a 46,000. Dillalin ya ce da aka nuna wa dattijon hoton tankin cewa ya yi shi ma bai taɓa leƙa wurin ba, kuma na yarda da shi.

Sauran duk takardu ne. Aka nemo tarihin mallakar jirgin daga ofishin rajistar jirage na dakarun tsaron gaɓa don a tabbatar babu bashin banki a kansa, aka biya harajin Maryland kashi 5 cikin 100, kamfanin inshora ya ba da wa'adin gyara abubuwan da rahoton ya lissafa, har da tsofaffin bututu da wayoyin batir.

Hunturun nan a kan tudu jirgin ya yi shi, an lulluɓe shi da farar leda. Ma'aikatan wurin suka ɓamɓare tik ɗin gefe, suka yanke faibar sama, suka kwashe ruɓaɓɓen katako da cokalin magini, suka sa sabo suka rufe da fenti mai kaushi. Tankuna kuwa ni da wani mai walda muka yi, a ranakun Asabar. Muka tsotse man, muka wanke, muka yanka da zarton lantarki don gudun tartsatsi. Da muka kai ƙasan na dama, wanda rahoto bai yi kuka da shi ba, sai ga laka baƙa mai kauri da ruwa kwance a ƙarƙashinta, ƙarfen ya sirance har sukudireba na shiga. Muka maye gurbinsu da ƙananan tankunan alminiyam guda huɗu da za su bi ta ƙofar daɓe, man da jirgin ke ɗauka ya ɗan ragu. Dala 11,000 da aka rage a ciniki ba ta biya aikin duka ba, Likita ya cika daga aljihunsa, Hajiya kuma ta karɓi littafin dattijon ta buɗe sabon shafi na kuɗin da ake kashewa. A watan Mayun 2017 aka mayar da jirgin ruwa, muka kawo shi Baltimore.