Gwangwani Biyu, Ɗaki Biyu

Akwai wani manomin shinkafa a Dakko, ta ƙasar Bakura, wanda ya tashi ƙara aure. Shekara 3 kafin nan ya shafe ɗakin uwargidansa da fenti mai launi tsakanin shuɗi da tsanwa. To, mutumin nan ya san adalci tsakanin mata wajibi ne, saboda haka ya ƙudura ɗakin amarya ba zai fi na uwargida ba, ba zai kuma kasa shi ba.

Ran Talata ya tafi kasuwar Mafara. Mai fenti ya buɗe masa gwangwani biyu, a cikin rana kamar an tsaga kara. Ɗaya ya ɗan karkata wajen shuɗi, kamar ruwan madatsar Bakolori da hantsi, ɗayan kuwa wajen ɗanyen ganye. Ya yi dabara, ya roƙi kaɗan-kaɗan a ƙoƙo, ya zo gida ya shafa a bango dab da juna.

Nan ne ya ga abin mamaki. Farar ƙasa da bula, irin wadda iyayensa su ke shafawa, haske ta ke ƙarawa in ta bushe. Fentin nan kuwa da ya sha iska sai ya ƙara duhu. Ga ɗaki mai ƙaramar taga. Da dare ya kunna fitilar kananzir, haskenta mai ja-ja ya mai da duka biyun tsanwa. Ya kawo tocila, su ka koma shuɗi. Wanda ya saya a kan abin da ya gani a bakin gwangwani, lalle ya sayi kura a rami.

Abin ya dame shi, ya kira uwargida, ya ce, "Wanne ya yi kama da naki?"

Ta duba, ta duba, ta ce, "Maigida, ko ɗaya. Zo ka gani."

Ta ɗaga tabarmar da ke rataye a bangonta. Ƙarƙashinta ga launin fari nan garau, sauran ɗakin kuwa hayaƙin turare da ƙurar hunturu sun dusashe shi. Ko da irin na dā ya samo, ɗakin amarya zai fi.

Ya yi shiru. Talatar da ta zagayo ya ɗora buhun shinkafa guda a kan babur, ya komo da gwangwani biyu, duka mai shuɗin nan, don shi uwargida ta nuna. Ɗakinta aka fara shafewa.