Matar soja da sakin waya

Jama'a, akwai maganar da ba mu cika yi ba a nan yankinmu na Gaya da Ajingi, ita ce halin da matar soja take shiga idan aure ya mutu. Daga Balan zuwa Kademi, daga Toranke zuwa Gafasa, muna da 'ya'ya da ƙanne da suka sa kaki. Wasu suna Borno da Yobe ƙarƙashin Hadin Kai, wasu suna dazukan Zamfara da Katsina. Muna yi musu addu'a kullum, amma matan da suka bari, wasu a bariki irin Bukavu ko Janguza, wasu a gidan surukai, ba mai tuna su sai abu ya lalace.

Na fi shekara goma sha biyar ina aikin gwamnati, kuma abin da aiki ya koya min shi ne: ofis ba ya jin rantsuwa, takarda yake gani. Wata 'yar uwarmu mijinta ya sake ta ta waya yana bakin daga, ba shaida, ba rubutu. Bayan kamar wata biyu aka kawo labarin rasuwarsa. Danginsa suka ce ai ta gama idda, ba ta da gado. Ita ta ce ba ta gama ba. Wa zai raba gardama? Mai maganar yana kabari.

To a fiƙihun Malikiyya da kotunanmu suke aiki da shi, idan saki ɗaya ne ko biyu, miji ya rasu tana cikin idda, matarsa ce. Za ta yi takaba wata 4 da kwana 10, kuma tana da gado: tumuni idan ya bar 'ya'ya, rubu'i idan bai bari ba. Kun ga ashe ranar da aka yi sakin ita ce komai. Layi biyu a takarda, da kwanan wata da shaidu biyu, da sun kashe rigimar da ta raba zumuncin gida biyu.

Na biyu, maganar sunan da soja yake rubutawa a fayil, wanda ake kira nes-of-kin. Mutanenmu da yawa sun ɗauka duk wanda sunansa yake wurin shi ne mai dukiya. A'a. Shi ne wanda hukuma za ta nema ta yi magana da shi, yawanci ta hannunsa haƙƙoƙi suke biyowa, amma rabon gadon Musulmi aikin shari'a ne. Wani tun yana saurayi ya rubuta yayansa, ya yi aure, ya haifi huɗu, bai taɓa gyarawa ba. Wani kuma tsohuwar matar da ya saka ce har yanzu a fayil, amaryar tana gida ba ta sani ba. Ranar da aka je Hukumar Fansho ta Sojoji a Abuja, ranar ake jin kuka.

Na uku, ciyarwa. Saki ba ya ɗauke wa uba ci da sha da suturar 'ya'yansa. A Malikiyya reno na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin mijinta, muddin uwar ba ta auri wani bare ba. Ana yawan tsorata mata cewa "ba a kai soja kotu." Ƙarya ce wallahi. Kotun soja ta laifin aiki ce. Aure, saki, reno da gado na Musulmi suna gaban kotun shari'ar Musulunci, kuma sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumin duba su. Dokar Sojoji ma ta yarda a cire kuɗin ciyar da mata ko ɗa daga albashin soja idan kotu ta ba da umarni. Wanda kuma ya yi auren rajista, nasa yana Babbar Kotu, ƙarƙashin dokar aure ta 1970.

Akwai kuma wadda mijinta ya ɓace a daji, ba gawa, ba labari. Ba ta zama haka har tsufa. Za ta kai ƙara, alƙali ya bincika. Asalin hukuncin wanda ya ɓace shi ne jiran shekara 4 sannan takaba, amma malamai sun yi bayani daban kan wanda ya ɓace a fagen yaƙi, kuma idan babu abin ciyarwa tana iya neman a raba auren tun kafin nan.

Kada a ce na ɗauki ɓangare ɗaya. Shi ma sojan yana da haƙƙi. Ba adalci ba ne a yanke masa hukunci yana rami a Sambisa sammaci bai same shi ba. A Amurka dokar 2003 ta ba soja damar neman a dakatar da shari'arsa aƙalla kwana 90 idan aiki ya hana shi zuwa. Mu ma ya kamata sammaci ya bi ta hannun kwamandansa, a ba shi lokaci ko ya naɗa wakili. Kuma barin mutum shekara biyu, uku a daga ba hutu, shi kansa yana kashe aure. Sayyidina Umar ya hango wannan tun tuni, ya taƙaita zaman mayaƙa nesa da iyalinsu zuwa 'yan watanni.

Roƙona ga ƙannena masu kaki: idan ta kai ga rabuwa, rubuta, sa kwanan wata, sa shaidu, sannan ka gyara fayil ɗinka. Iyaye, ku karɓi takardar aure ranar ɗaurin aure, ku ba 'yarku kwafi ta adana da takardun haihuwar yara. Limamai da dagatai, a riƙa faɗar wannan a wajen ɗaurin aure. Wadda ba ta da kuɗin lauya ta je Hisba ko ofishin taimakon shari'a kyauta a Kano.

Allah ya kare mana sojojinmu, ya dawo da su gida lafiya, ya zaunar da gidajenmu lafiya. Wanda ya san matar soja, don Allah ya karanta mata.