Daga Anka Zuwa Gummi: Tsofaffin Motoci da Maganar Birki

Wanda ya baro Gusau ya nufi yammacin Zamfara zai bi babban titin Sakkwato, ya wuce Bunguɗu da Maru, sai a Mayanchi ya karya hagu ya ɗauki hanyar Anka. Daga nan titin ke miƙewa ya ratsa ƙasar Bukkuyum, ya bi ta Ɗaki Takwas inda hanyar Zuru ta rabu, har ya dire Gummi a bakin Gulbin Zamfara. A kan wannan titi ake fitar da gero da dawa da shinkafa, a kansa ake kai marar lafiya asibitin Gusau, a kansa ake kai amarya. Motocin da ke wannan hidima kuwa, da yawansu sun girmi yaran motar da ke ɗaure musu kaya: Golf da Sharon 'yan Kwatano, J5, Kanta, sai jefi-jefi tsohuwar Peugeot 504, wadda kowa ke kira Fijo, tana tafe da buhuna har bisa rufi.

Fasinja kan tambayi ko motar tana da gudu, ko taya na da kyau. Da wuya ka ji wanda ya tambayi birki, alhali shi ne abin da ya fi ɗauke mini hankali a wannan tafiya.

Anka gari ne mai nauyi a tarihi. Bayan Gobirawa sun ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18, sarautar Zamfarawa ta yi ta ƙaura kafin ta zauna a nan, kuma har yau Sarkin Zamfaran Anka ne shugaban majalisar sarakunan jihar. A 2010 duniya ta ji sunan yankin cikin alhini, lokacin da gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Bagega da Abare da Dareta, da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum. Hanyoyin da ke shiga irin waɗannan ƙauyuka na jar ƙasa ne, ƙura da rani, taɓo da damina, kuma su ne ke cin ƙafar mota.

Can gefen tasha, ƙarƙashin inuwar dogonyaro, na tarar da wata a-kori-kura 504 an ɗaga ta da jak an tokare da kututture. Maigidan garejin, dattijo ne da furfura ta fara cin gemunsa, yana kwance bisa kwali da ƙaramar sifana a hannu. Yaronsa na zaune a kujerar direba.

"Buga!"

Yaro ya yi ta taka feda har ta ɗan yi ƙarfi.

"Riƙe! Kak ka saki!"

Dattijo ya sassauta wani ɗan noti a bayan taya. Mai ya tsarto cikin gorar roba, baƙi ƙirin, yana tafe da kumfa.

"Ya tai ƙasa, Baba."

Ya ɗaure notin, sannan ya ce a saki. Haka suka yi ta yi, taya bayan taya, suna farawa da wadda ta fi nisa da direba, har man da ke fitowa ya koma garau babu kumfa. Tsakanin kowane zagaye yaron kan fito ya ƙara mai a ɗan kofin da ke bisa masta, don in kofin ya ƙafe iska ta sake shiga, aiki ya koma baya.

Wannan aiki na fitar da iska shi ne zuciyar birkin mai. Ruwa ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. In ka taka feda, ƙaramin fistin da ke cikin masta yana tura mai ta siraran bututu zuwa tayoyi huɗu, can kuma fistin masu faɗi su karɓi matsin su ninka shi, su damƙe faranti ko su buɗe takalman birki a cikin dorom. Masanin nan na Faransa, Blaise Pascal, tun ƙarni na 17 ya bayyana cewa matsin da aka yi wa ruwa a rufaffen wuri yana isa ko'ina daidai wa daida. To, in ɗigon iska ya maƙale a bututu, ƙarfin ƙafar direba a kansa zai ƙare. Wannan ne direba ke nufi in ya zo gareji yana cewa sai ya buga sau biyu shika kamawa.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani Ba'amurke, Malcolm Loughead, ya yi rajistar birkin mai a 1917, kuma a 1921 motar Duesenberg ta fito da shi a ƙafa huɗu. Motocin tsere ne suka ƙara masa daraja. A 1953 Jaguar C-Type ta ci gasar awa 24 ta Le Mans da birkin faranti na kamfanin Dunlop, domin direbobinta na iya jinkirta taka birki har bakin kwana, abokan karawarsu masu dorom kuwa nasu ya yi zafi ya daina ci. Fijon da ke kan jak a Anka ma jinin wannan gida ce. An fito da 504 a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai a 1969, kuma salun ɗinta ta zo da faranti a tayoyi huɗu, abin da ba kowace motar iyali ke da shi ba a lokacin. Wagon da a-kori-kura ne aka bar wa dorom a baya. Tana da 'yar'uwa mai ƙofa biyu da kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana. 504 ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975, mai ƙofa biyun kuma ta ci a 1978. A 1975 ɗin nan ne masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci, daga nan Fijo ta cika Arewa. Yau masu tara tsofaffin motocin gudu a Turai suna ajiye irin mai ƙofa biyun a rumfa, ba ta fita sai ranar biki, amma duk shekara biyu sai an juye mata man birki. Tamu da ke ɗaukar rayuka kullum, sau da yawa ba a taɓa nata sai ranar da ya tsiyaye.

Da aka buɗe bonet, dattijon ya nuna mini busta, baƙin gwangwanin nan da ke manne a bango gaban direba, kamar kwano biyu an kife ɗaya bisa ɗaya, masta na ɗaure a goshinsa. A cikinsa akwai faffaɗar roba da ta raba shi gida biyu. Inji, garin zuƙar iskar da yake ƙonawa da fetur, yana tsotse iskar ɗakunan biyu ta wani tiyo. Da ka taka feda, sai ƙofa ta buɗe iskar waje ta shiga ɗakin baya, ta tura robar gaba, ta taya ƙafarka danna masta. Lissafin mai sauƙi ne: iskar da muke shaƙa tana danna kusan kilo 1 a kan kowace murabba'in santimita, don haka, da yake tsotson inji ba ya kwashe iskar gaba ɗaya, robar da faɗinta ya kai santimita 20 tana iya ƙara wa direba ƙarfin da ya kusa kilo 200. Injin dizal ba ya irin wannan tsotso, shi ya sa ake sa masa ɗan famfo na musamman.

Gwajin busta ba ya buƙatar ko sisi. A kashe mota, a yi ta taka birki har ya yi tauri, a riƙe shi a tada inji. In feda ta ɗan nutsa ƙarƙashin ƙafa, busta na da rai. In ta tsaya ƙyam, ko ana jin huci duk lokacin da aka taka, ko inji na rawa yana neman mutuwa, to roba ta yage ko tiyo ya tsage. Na so a ce kowane direba a layin nan yana yin wannan kafin ya yi lodi.

Muhimmancin haka bai fito mini sosai ba sai da muka shiga ƙasar Bukkuyum. Kowa ya san halin da yankin nan ke ciki na 'yan bindiga. Akwai wuraren da hira ke mutuwa a mota, kowa ya koma salati, direba ya taka mai iya ƙarfinsa don ba wanda ke son a ritsa da shi a daji. Ba zan ga laifinsa ba. Sai dai titin da ake gudun a kansa yana da ramuka, ga shanu na tsallakawa, ga babura ɗauke da mutum uku da buhu, ga shingen jami'an tsaro da kan bayyana bayan kwana. Mota in gudunta ya ninka biyu, tazarar da take buƙata kafin ta tsaya ninkawa huɗu take yi, kuma kowane buhu da aka ƙara ƙarin zafi ne ga birki. Direban wannan hanya ya fi na cikin birni buƙatar birki mai kyau nesa ba kusa ba.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ta ƙaru tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023: a gangara sai direba ya sa mota a firi, wani ma ya kashe inji ɗungurungum don ya rage shan mai. Wannan ganganci ne tsantsa. Da inji ya mutu, tsotson da busta ke rayuwa a kansa ya yanke. Abin da ya rage a gwangwanin bai wuce taku biyu ko uku ba, daga nan feda ta ƙame, sai direba ya miƙe a kanta da dukkan ƙarfinsa kafin motar ta saurare shi. Fetur ɗin da aka yi tsiminsa a gangara guda bai kai cikin kofi ba.

Gummi ta bambanta da Anka. Ƙasar ta kwanta, fadama ta buɗe, ga shinkafa ga masunta, ga jiragen ruwa na fito da mutane zuwa gonaki. Ruwan da ke ciyar da garin shi ne kuma ke yi masa ɓarna, kamar ambaliyar da ta rusa gidaje masu yawa a watan Agustan 2024. Ga birki ma ruwa abokin gaba ne ta fuska biyu. Motar da ta keta kududdufi, dorom ɗinta kan jiƙe ya ƙi kamawa, sai an tafi a hankali ana ɗan taɓa feda har ya bushe. Ɗaya fuskar ta fi ɓoyuwa. Man birki yana shan danshin iska da kansa. Sabon mai na DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, na DOT 4 kuwa 230. Amma in ya sha ruwa, mizanin kan sauko zuwa 140 da 155. Mota mai lodi da aka yi ta taka wa birki a zafin watan Afrilu tana iya kai man ga tafasa, ya zama tururi, feda ta tafi ƙasa babu gargaɗi. Bayan an fito daga rami, in Allah ya sa da sauran kwana, man ya huce, birki ya dawo garau, sai a rasa abin da ya faru.

A teburan masu sayar da kayan gyara kusa da tasha na ga robobin man birki, wasu a rufe da hatiminsu, wasu a buɗe ana tsiyaya wa mai ƙaramin ƙarfi gwargwadon kuɗinsa. Buɗaɗɗiyar robar nan da ta kwana ta wuni a danshin damina ta riga ta fara lalacewa kafin ta shiga mota. Abin da ya fi wannan muni, direbobi da kanikawa ba sa ɓoye shi in hira ta yi hira: in mai ya tsiyaye a daji, akan dama garin sabulu da ruwa a zuba, ko a ɗura man giya. Ruwan sabulu yana tafasa a digiri 100, yana kuma sa tsatsa a masta da bututu. Man giya da baƙin mai suna kumbura robobin ciki har su saki. Haka nan in bututun taya guda ya fashe, akan danne bakinsa da ƙusa ko a murƙushe shi da filaya, mota ta ci gaba da birkin ƙafa uku, tana fizga gefe duk lokacin da aka taka. Wanda dare ke neman yi masa a dajin Bukkuyum, in ya yi haka don ya isa gari da fasinjansa, uzurinsa a fili yake. Wanda ya isa gari lafiya, gari ya waye ya sake yin lodi da ƙusar a jiki, ba shi da uzuri ko kaɗan.

Kanikawan wannan yanki ba ilimi suka rasa ba. Mutumin da ke gane yagaggiyar roba da kunne, ya gyara mastan motar da aka daina ƙerawa shekara da shekaru, gwani ne, kuma da hannun irinsa ne Anka da Bukkuyum da Gummi ke haɗe da sauran duniya. Abin da ke karya su shi ne mai mota da ke cewa a lallaɓa zuwa kasuwa ta gaba, da jabun kayan gyara da ba su da mai bincike.

Shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshin Anka da Bukkuyum da Gummi su ne ke ba mota layi, su ne kuma ke iya hana ta. Ina roƙonsu da su sa gwajin birki cikin sharuɗɗan lodi: a duba kofin mai, a gwada busta, a leƙa bayan tayoyi ko akwai jiƙa ko ƙusa. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1988, ta shigo tashoshin nan da wayar da kai kafin ta tsaya a titi da takardar tara. Kai kuma fasinja, in ka ga direba na buga birki sau biyu kafin motar ta tsaya, ko ya kashe inji a gangara, ka yi masa magana cikin mutunci tun kuna kusa da gari, sauran fasinja kuma su mara maka baya.