Kalangun Shata a Faifai da a Memori

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa tsakaninmu malamai a nan Birnin Gwari, wai shin muryar marigayi Alhaji Mamman Shata ta fi daɗi a faifan garmaho ko kuwa a memorin waya. Dattawan cikinmu sun rantse cewa tun da aka bar faifai waƙa ta mutu. Yara kuwa dariya suke yi, suna cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ni dai na saurari duka biyun, don kawuna na Gwaska yana da faya-fayen Shata da na Ɗan Maraya Jos cike da adaka, kuma a gabansa na fara jin Bakandamiya.

Gaskiya, mai karatu, faifai ba shi da tsabtar da ake ba shi. Allura ce ke bin siririn layi, kowace juyawa tana ɗan cinye shi. Ƙurar hunturu ta shiga, sai ka ji ƙas-ƙas kamar ana suyar gyaɗa. Zafin bazara ya same shi, ya lanƙwashe, muryar ta riƙa hawa da sauka. In allura ta kusa tsakiya kuwa, sautin ya kan dushe. Faifan sidi da kamfanonin Sony da Philips suka fito da shi a 1982 yana auna sauti sau 44,100 cikin daƙiƙa guda, kuma ko sau dubu ka saurara ba abin da zai ragu.

To, me ya sa dattawan nan ba ƙarya suke yi ba? Dalili shi ne abin da ke cikin wayoyinmu ba sidi ba ne. Yawancinsa daga faifai aka juya shi zuwa kaset, daga kaset zuwa wani kaset, kowace juya da nata shuuu, sa'an nan wani mai tura waƙoƙi a bakin tasha ya matse shi ya zama MP3 don memori ya ɗauki ɗaruruwa. Matsewar da aka saba yi ta kan bar kusan kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya na nauyin sidi, a zubar da abin da aka ɗauka kunne ba zai lura ba. Daga nan a saki abin ta lasifikar waya da ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba. Muryar Shata tana da kaifi, ta kan tsira. Kalangu ne ke shan wahala. Shi kalangu magana yake yi, makaɗi ya matse tsirkiya a hammata murya ta hau, ya saki ta faɗa can ƙasa, kuma wannan faɗawar ce ƙaramar lasifika ba ta iya furtawa. Sai ka ji kamar ana buga gwangwani. Ɗalibaina da yawa sun tashi suna zaton haka kalangu yake, abin da ke ci mini rai ke nan.

Amma fa adakar kawu ba ta nan. Da 'yan bindiga suka afka wa Gwaska cikin watan Mayu na 2018, wanda ya tsira da ransa bai tsaya ɗaukar faifai ba. Waya ce a aljihunsa, da memori a ciki. A 2021 kuma, da aka katse layukan sadarwa a yankinmu, wannan memorin da muke rainawa shi ya riƙa yi wa mutane hira da dare, shi da rediyon Kaduna.

Saboda haka duk wanda ya ce mini faifai ya fi, na kan tambaye shi ina nasa yake. In yana da shi, ya wanke shi, ya nemi allura mai kyau, a ɗauke shi a kwamfuta kai tsaye ba tare da matsewa ba. Shata ya rasu tun 1999, Ɗan Maraya a 2015, kuma faya-fayensu da suka rage a ɗakunan mutane kowace bazara lanƙwashewa suke ƙara yi.