Kwana Uku a Bakin Kogi a Mai Wurno

A shekarar 2019 Allah ya nufe ni da sauka a Mai Wurno, kudu da Sinnar, a gaɓar Shuɗin Nilu. Masaukin ɗakuna huɗu ne na ƙasa: gadon igiya, tabarma, buta, da randa a inuwar dalbejiya. Da asuba iskar kogi kan shigo tare da kiran salla.

Muhammadu Bello Mai Wurno ne ya kafa garin, bayan mahaifinsa Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi a 1903. Har yau jikokin masu hijirar ba su saki Hausa ba.

Kowane dare dattijon mai masauki yakan tambaye ni labarin Sakkwato, wadda bai taɓa gani ba. Ranar tafiyata na miƙa kuɗi, ya ture hannuna: "Ɗana, kakana ma baƙo ne, ba a karɓi ko anininsa ba."

Tun da yaƙi ya ɓarke a 2023, wayarsa ba ta shiga. Ku sa shi cikin addu'a. Allah ya zaunar da Sudan lafiya, amin.